Sandar Bahago

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji Sirajuddeen, gidansa da ke Gwandu ya yi tsit. Mutum ne da aka sani da murya. Ya daɗe yana aikin gwamnati a Kaduna, da ya yi ritaya ya dawo gida ya ci gaba da ba da umarni kamar bai bar ofis ba. Sai ga shi wata rana an ɗauko shi daga ƙofar masallaci, hannun dama da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace, magana ta gudu ta bar masa kalmomi ƙalilan. Yana iya cewa "a'a", yana iya cewa "Khairi", sauran kuwa sai da ido.

Khairi ita ce Khairiyya, babbar 'yarsa, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata, tana aure a bayan kasuwa. Kullum aka tashi daga makaranta sai ta biyo ta gidan, ta taya mahaifiyarta Inna Kulu juya shi da ba shi abinci. Likitan motsa jiki a Birnin Kebbi ya ce musu lokaci ya yi da Alhaji zai fara tsayuwa, a samo masa sanda marar nauyi wadda hannun hagu zai iya ɗauka. An kawo ta itace, ta yi masa nauyi. An kawo ta asibiti mai ƙafa huɗu, ya dube ta ya ce "a'a", ya ture ta da ƙafarsa mai lafiya. Inna Kulu ta ce girman kai ne, ba ya son a gan shi da sandar marasa lafiya.

A nan ne Khairiyya ta tuna da ɗakin kayansa.

A Kaduna Alhaji ya koyi golf, wasan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ya dawo da doguwar jakar sandunansa, mutanen unguwa suka sa musu suna ludayan Alhaji. Bai taɓa ba wani gyaransu ba. A ɗan ɗakin da ke bayan rijiya ya kafa tebur, ya ɗaura masa ƙarfen matsewa irin na kafintoci, ya jera kayan aiki a bango. Tun Khairiyya tana ƙarama take zama a kan buhun gero tana kallonsa, shi kuma yana aiki yana bayani ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Daga bakinsa ta san cewa sandar golf abu biyu ce: doguwar ƙota mai rami a cikinta, da kan ƙarfe mai ɗan wuya inda ƙotar ke shiga. Babu ƙusa, babu walda. Gam ne mai ƙarfi ya haɗa su, kuma zafi kaɗai ke sa shi ya saki. Idan aka cire kan, abin da ya rage sanda ce doguwa, marar nauyi, da roba a wurin riƙo. Ba ta asibiti ba ce, kuma daga jakarsa ta fito.

Ran Asabar da hantsi ta buɗe ɗakin. Bazara ce, kwanon rufin har ƙara yake saboda zafi. Ta tada janareta, ta goge ƙurar tebur, ta zaro wata sanda mai ƙotar ƙarfe don ta gwada hannunta tukuna. Ta naɗe ƙotar da tsohuwar robar tayar keke don kada haƙoran ƙarfen matsewa su ci ta, ta ɗaure ta a kwance. Ta sa wuƙa ta yanke baƙin zoben roba da ke bakin wuyan. Sannan ta ɗauko na'urar hura zafi, mai kama da abin busar da gashi, ta riƙa zagaya wuyan da ita a hankali, ba ta barinta wuri ɗaya. Da ta ji warin gam ya tashi, ɗan hayaƙi ya fito, sai ta sa safar hannu ta fata, ta kama kan ta murɗa. Ya yi gardama, ta ƙara zafi, ta sake murɗawa, ya sulluɓo a hannunta. Ta ji daɗi ƙwarai. Amma da ta tsayar da ƙotar a ƙasa sai ta ga ta yi gajarta, ga Alhaji dogon mutum.

Ta juye jakar gaba ɗaya tana neman mai tsawo. A can ƙarshe, naɗe cikin tsohon tawul, ta sami wata da ba ta taɓa gani ba. Doguwa ce, ƙotarta baƙa wuluk, ba ta ƙarfe ba, ta girafait ce mai sauƙi kamar kara. Da ta ajiye kan a ƙasa sai ta ga fuskarsa tana kallon inda sauran ba sa kallo. Sandar bahago ce. Alhaji kuwa da dama yake komai. Ta yi tunanin ko a cikin kayan gwanjo ya haɗo ta, ta kuma ga hakan ya fi: ba tasa ba ce, ba zai ji zafin an raba ta ba.

Ita wannan ba a murɗa ta. Ta tuna gargaɗinsa sarai, cewa girafait zare ne aka daskarar, in aka murɗa shi da zafi sai ya warware kamar tsohuwar igiya. Jan ta ake yi miƙe. Ta sauko da abin jan da ke rataye a bango, wani ƙarfe mai baki kamar cokali mai yatsu biyu da doguwar ƙusa mai zare a bayansa. Ta ɗaure ƙotar, ta zura bakin a gindin wuyan, ta murɗa ƙusar har ta ji ta ɗame. Ta kunna na'urar. Tana ba da zafi kaɗan, tana ƙara murɗi kaɗan, gumi yana zuba mata a ido.

Warin da ya fara tashi ba na gam ba ne. Ƙamshin ciyawa ne da aka yanka bayan ruwan sama, a tsakiyar bazarar da ko ganye ɗaya babu a tsakar gida. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, ba kowa. Ta ƙara murɗi ɗaya. Kan ya saki gaba ɗaya ya faɗo kan tebur, sai wata iska ta fito daga ramin ƙotar ta bugi bayan hannunta. Sanyi gare ta kamar ta randa. Tare da ita wani siririn sauti ya fito, kamar mutum ya tura leɓe ya yi fito, ya hau, ya sauko, ya tsaya.

Khairiyya ta kashe na'urar ta tsaya tana saurare. Janareta kaɗai ke ƙara. Ita malamar kimiyya ce, ta san iska in ta ɗumama a cikin bututu dole ta nemi hanyar fita, kuma siririyar hanya tana sa ta yi ƙara. Abin da ba ta samo wa bayani ba shi ne sanyin. Ta bar shi a haka. Ta goge bakin ƙotar, ta cire robar ƙafa ɗaya daga sandar asibiti ta cusa mata, ta jefa kan a aljihun jakar.

Alhaji yana zaune a kujerarsa a rumfa, Inna Kulu tana yi masa fifita. Khairiyya ta durƙusa ta miƙa masa.

"Baba, ga sanda. Daga jakarka na ciro ta."

Ya dube ta, ya dubi sandar, idonsa ya buɗe. Ya ce, "A'a." Amma Inna ta riga ta kama hannunsa na hagu ta ɗora a kan robar riƙon tana lallashinsa. Yatsunsa suka naɗe ta. Ya sunkuyar da kai. Sai ya dafa sandar ya miƙe tsaye, ba wanda ya tallafe shi, ya taka har bakin rijiya ya dawo.

Inna Kulu ta fashe da kuka tana hamdala. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, maƙwabta suna shigowa ganin ikon Allah. Khairiyya ma ta yi murna, ta kira ƙannenta da ke Sakkwato ta gaya musu.

A kwanakin da suka biyo baya tafiyar ta ƙara kyau, har ta yi kyan da ya fara damunta. Ba tafiyar mahaifinta ba ce. Alhaji a hankali yake takawa, ƙirji a gaba, kamar mai duba fareti. Wannan kuwa dogon taki yake yi da sauri, kai a ɗan karkace, yana duban ƙasa kamar mai auna ta. Magana ma ta dawo, sai dai ba da yawa ba, kuma ba irin tasa ba. Ya ce wa Inna "Madam, sannu da aiki", matar da shekara da shekaru ba ya kiran sunanta sai dai ya yi gyaran murya. Ya ƙi furar da ba ya kwana bai sha ba. Carbinsa yana rataye a hannun kujera, ba ya waiwayarsa. Wani lokaci yakan faɗi wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ya yi 'yar dariya shi kaɗai.

Wata rana da azahar, rana ta take, gari ya yi shiru har kaji sun shige inuwa, Khairiyya ta shigo ta same shi a tsakiyar tsakar gida. Ya riƙe sandar da hannu biyu. Hannun daman da ba ya iya ɗaga cokali ya damƙe ta tamau. Ya ware ƙafafu, ya dubi ƙasa inda babu komai, ya ɗaga sandar ta bayan kafaɗarsa ta hagu, ya kaɗo ta da ƙarfi har ta yanki iska. Ya sa hannu a goshi yana bin wani abu da kallo can sama, bayan katanga. Sannan ya yi fito. Ya hau, ya sauko, ya tsaya, daidai yadda ta ji a ɗakin kaya.

Alhaji Sirajuddeen bai taɓa yin fito ba. A gidansa yaron da ya yi fito sai ya sha faɗa.

Ta matsa ta ce, "Baba, rana ta yi zafi, mu koma inuwa." Ya bi ta ba musu. Da ya zauna ta zare sandar daga hannunsa a hankali, kamar za ta jingine masa. Nan take kafaɗarsa ta dama ta zube, bakin ya koma ya karkace. Ya ɗago ido ya dube ta, ta ga mahaifinta a cikinsu, a tsorace, kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ya kama gefen mayafinta da hannun hagu.

"Khairi," ya ce. "A'a. A'a."

Ya lallubi carbinsa ya riƙe, hawaye yana bin gefen bakinsa.

Ta sami Inna a madafa, ta tsaya a ƙofa. "Inna, kin ji fiton da Baba ke yi?"

Inna Kulu ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na ji shi tun ranar farko. Na san mai shi."

"Wane ne?"

"Micah. Ke ba ki san shi sosai ba, kina makaranta lokacin. Mutumin Zuru ne, mai awon ƙasa, tare suka yi aiki a Kaduna. Shi ya koya wa babanku wasan ga. Bahago ne. Da ya bar aiki ya zauna Kalgo, inda matarsa Dibora ke koyarwa. Bayan an cire amfanin gona babanku yakan tahi can, su shiga fili su yi ta bugun ƙwallo kamar yara. In ya buga ta yi nisa, haka yake wannan fito." Ta ajiye rariyar. "Ya kawo sandar ga ya ce kanta na motsi, a gyara mai. Kahin ya dawo karɓa ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Babanku ya naɗe ta ya ajiye, bai ƙara buɗe jakar ba."

"Inna, mu karɓe ta daga hannunsa."

"Mu karɓe mu ba shi mi?" Muryarta ta yi ƙasa. "Yana tahiya, ɗiyata. Yana shiga bayi da kansa. Ke kina zuwa ki koma gidanki, ni ke ɗaga shi."

Khairiyya ta fita daga madafar. Ta jingine sandar a bayan ƙofar ɗakin kaya kafin ta tafi. Washegari ta tarar da ita a hannunsa. Inna ta kawar da kai.

Abin ya zo ƙarshe ne ranar da aka neme shi aka rasa. Inna ta ɗan kishingiɗa da hantsi, ta farka ta ga kujera wayam, ƙofar zaure a buɗe. Aka aika wa Khairiyya, ta baro aji a guje. Tana cikin zagaya unguwa wayarta ta yi ƙara. Khalilu ne, direban haya da ke maƙwabtaka da su.

"Malama, ga Alhaji nan tasha. Ya zo da ƙafarsa, ba hula. Ya ce in kai shi Kalgo."

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Tar da bakinsa. Na ce mi za ka yi Kalgo, Alhaji? Ya ce gida zai koma, an daɗe ana jiransa." Khalilu ya rage murya. "Kuma bai gane ni ba, Malama. Ni da ya yi wa waliyyi."

Ta same shi zaune a kan benci a inuwar rumfar masu lemo, sandar a tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon hanya cikin haƙuri. Ta tsaya tana dubansa. Ta san in ta mayar da shi gida gobe ma zai fito, wata rana kuma ba za a sami wanda ya san shi a tasha ba. Ta ce wa Khalilu ya jira ta. Ta koma gida ta ɗauko kan sandar daga aljihun jaka, da burushin waya, da samfefa, ta tsaya a kasuwa ta sayi gam mai bututu biyu. Ta gaya wa Inna inda za su.

A hanya Alhaji bai yi magana ba sai da suka kusa. Daga nan ya fara nuna wa Khalilu hanya da sandar: bi nan, karya hagu, wuce injin niƙa. Khalilu yana bi yana satar kallon Khairiyya ta madubi. Suka tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida mai shuɗin ƙyaure. Kafin ta zagayo ta buɗe masa ya riga ya fita. Ya zura hannu ta wani ɗan rami a gefen ƙyauren, ya zare sakatar ciki, ya shiga ba sallama.

Wata dattijuwa siririya mai tabarau tana shanya a tsakar gida. Ta juyo, ta gane shi, ta fara murmushi. "Alhaji, ashe ka sami sauƙi? Aka ce mini..."

Bai tsaya ba. Ya wuce ta zuwa gindin mangwaro, ya zauna a wata tsohuwar kujerar katako, ya miƙe ƙafafu ya sauke numfashi.

"Dibo," ya ce, "kawo ruwa. Na sha hanya."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta dubi sandar, ta daɗe tana dubanta. Khairiyya ta matso ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ta ba ta labari a gaggauce da ƙaramar murya, tun daga ɗakin kaya har tasha. Ta zaci matar za ta yi ihu ko ta kore su. Dibora ta saurara har ƙarshe, sannan ta shiga ɗaki ta fito da ruwa a wani kofin ƙarfe mai lotsattsen baki, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da hagu.

Ta jawo tabarma ta zauna kusa da ƙafafunsa. Khairiyya ta koma bakin ƙofa ta rakuɓe. Abin da ta ji ba wani babban zance ba ne. Ya ce mata ta rame. Ya tambayi ko akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu, ta ce ta haihu har jikokinta sun haihu. Ya ce reshen mangwaron nan ya kusa taɓa rufi, a sare shi kafin damina. Daga nan suka koma Dakarci, harshen mutanen Zuru, sai Khairiyya ta gane irin kalmomin da yake faɗi a gida ke nan. Dibora tana magana a hankali, tana dariya, tana share ido da gefen zane. Inuwar mangwaron ta matsa daga kansu ta kai jikin katanga, ba wanda ya motsa.

Da aka kira la'asar a masallacin unguwa, Dibora ta ɗago kai. Ta dubi Khairiyya, ta dubi fuskar mutumin da ke kujera, fuskar da ba ta mijinta ba. Ta koma Hausa, don a ji.

"Ya isa haka, Baban Blessing. Wannan jikin yana da masu shi. Ga 'yarsa can tana jira."

Ta kama sandar ta tsakiya. Bai saki nan da nan ba. Suka dubi juna, ta faɗi wata kalma guda da Dakarci, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Jikin ya zube gefe, Khairiyya ta ruga ta tare shi. Alhaji ya dubi mangwaron, ya dubi gidan, ya gane inda yake. Ya rufe ido.

A kan turmin Dibora da aka kifa Khairiyya ta yi aikin mayar wa sandar kanta. Ta cire robar ƙafar, ta zura burushin waya cikin wuyan kan ta kankare tsohon gam har ƙarfen ya yi haske. Ta goge bakin ƙotar da samfefa sama-sama, don kada ta ci zaren. Ta matso gam daga bututun biyu a kan murfin gwangwani, ta gauraya da tsinke, ta shafa ciki da waje. Da ta zo zura ƙotar sai ta ji tana turo ta, kamar akwai mai dannawa daga ciki. Ta ce wa kanta iska ce ta cika ramin. Ta yi bisimilla, ta kafa kan a ƙasa, ta danna da dukan nauyinta. Ƙotar ta shige har ƙarshe. Ba wani sauti da ya fito. Ta goge gam ɗin da ya tsattsafo, ta jingine sandar a bango.

"Kada a taɓa ta sai gobe, Mama. Daga nan ta kama ke nan."

"Na gode, 'yata," in ji Dibora. Idonta yana kan sandar.

Khalilu ne ya ɗauki Alhaji kamar yaro ya sa a mota. Da suka iso gida Inna Kulu ta leƙa ta ga yadda aka dawo da shi, ta juya ta shige ɗaki. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Khairiyya doguwar magana ba. Khairiyya ta roƙi mijinta ya bar ta ta dawo gidan na ɗan lokaci, ta karɓi ɗagawa da juyawa. Aka koma wurin likitan motsa jiki, aka fara daga farko. Alhaji ya karɓi sandar asibitin da kansa, wadda aka mayar wa ƙafarta, bai ƙara cewa a'a ba.

Damina ta sauka, gero ya fara kai gwiwa, sai Dibora ta kira Khairiyya a waya. Suka gaisa, ta tambayi mai jiki. Sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Wai ni kam, da kika cire kan nan, wane irin zafi kika ba shi?"

Khairiyya ta ce, "Mama, me ya sa kike tambaya?"

"Tambaya ce kawai."

"Sai da na'ura ta musamman, kuma tana Gwandu. Mama, don Allah ki bar ta yadda take. Ki ba 'yarki Blessing ta tafi da ita, ko ki sa a rufe ta a akwati."

Dibora ta yi 'yar dariya. "Gidan ya yi mini girma ne, 'yata. Shi ke nan. Ki gaida Alhaji."

Khairiyya ta kira ta sau da yawa bayan haka, wayar tana shiga ba a ɗauka. Da Asabar ta zagayo ta hau mota ta tafi Kalgo ita kaɗai. Shuɗin ƙyauren a buɗe yake. Ta yi sallama, shiru. A madafa ta ga babbar tukunya a kan murhu, ruwan cikinta ya huce, wata leda mai kauri tana yawo a sama. Ta san wannan hanyar ma, mahaifinta ya taɓa nuna mata: a sa kan a leda, a tsoma a tafasasshen ruwa, a jira. Tsohon gam na kamfani ba ya jin wannan. Na kasuwa, wanda bai daɗe ba, yana ji. Kan sandar yana kan tebur, an goge shi tsaf, an ɗora shi a kan ɗan ƙyalle.

Wata maƙwabciya mai suna A'isha ta leƙo ta katanga. Ta ce ai Mama ta warke sarai, ciwon gwiwar da ya hana ta zuwa coci ya tafi. Kullum tana fita bayan gari tun safe. Sai dai manoma sun fara ƙorafi, don tana bin iyakokin gonaki tana kafa turaku, tana cewa an ci iyaka a nan, an matsa a can. Kuma, in ji A'isha, duk inda ta nuna, in aka tono sai a sami tsohon dutsen awo a wurin.

Khairiyya ta bi hanyar da aka nuna mata har ta fita gari. Ta hango ta can tsakiyar gonaki, siririyar mace cikin zanen atamfa, tana dogon taki tsakanin kunyoyi, baƙar sandar a hannunta na hagu. Ta kira ta, "Mama Dibora." Ba ta waiwayo ba. Ta matsa kusa ta sake kira. Matar ta tsaya, ta juyo, ta kare rana da hannu. Babu tabarau a fuskarta. Ta yi murmushi mai faɗi, na wanda ya ga 'yar abokinsa.

"A'a, 'yar gidan Alhaji ce. Yaya tsohon? Ki ce masa in an cire gero ina jiransa."

Khairiyya ta dubi sandar. Ta ce, "Yana samun sauƙi."

"Madalla. Ki gaishe shi."

Ta juya ta ci gaba da tafiya. Khairiyya ta daɗe a tsaye tana tunanin ta bi ta ta fizge sandar. Ta tuna wannan matar ba tilasta mata aka yi ba, ita ta dafa ruwan da hannunta. Ta koma gidan, ta karɓi lambar Blessing a wurin A'isha, ta kira ta a Abuja ta ce mata ta zo ta ga mahaifiyarta, kada ta jinkirta. Ba ta yi ƙarin bayani ba, don ba ta san ta inda za ta fara ba.

Daga baya A'isha ta gaya mata cewa 'ya'yan sun zo sun tafi da Mama zuwa Zuru. Mama ba ta yi gardama ba, ita ce ma ta riƙa nuna wa direba hanya. An rufe gidan, an ba wani malamin makaranta haya.

Alhaji Sirajuddeen ya rayu shekaru bayan haka. Bai ƙara taka ƙasa ba sai an riƙe shi, amma yana kaiwa masallacin ƙofar gida, yana jan ƙafar dama, Khairiyya ko Khalilu a gefensa. Kalmominsa sun ƙaru kaɗan. Wata rana ya nuna mata ɗakin kaya da haɓa, ya yi alamar a kulle. Ta kulle, ta kawo masa makullin, ya sa a aljihu. Ba ta taɓa gaya masa saƙon da aka ba ta a gonakin Kalgo ba, shi ma bai taɓa tambayarta labarin Dibora ba.